Ƙwan Zabuwa a Kwandon Milunka

Milunka ba ta yafe wa ƙanin mijinta Radisav ba, ba ta kuma yi niyya ba. Bara ranar Ista, a harabar coci, wurin karon ƙwai, ya fasa ƙwan wansa Vukashin, mijinta, wanda ciwo ya riga ya cinye, ya ce a gaban jama'a, "Yaya, kai da ƙwanka duk ba mai kai baɗi." Aka yi dariya. Kafin sanyi ya shigo aka binne Vukashin.

Radisav ne kaɗai mai zabi a ƙauyen, ɗayarsu kuma a gindin shingen Milunka take ƙwai. Da Istar bana ta matso, ta tsinci ɗaya ta haɗa da na kajinta. Ta daddatsa ɓawon albasa, ta jiƙa ƙwan, ta mirgina su a ciki, ta ƙulle kowanne a tsohuwar safa, ta dafa. Suka fito da jijiya-jijiya, ja da ruwan ƙasa, zanen ya haɗiye ɗigon na zabuwar. Ta goge su da mai har suna ƙyalli.

Da aka fito daga coci ta miƙa wa Radisav kwando.

"Ƙanena, zaɓi naka."

"Matar yaya, ashe kin huce? Ko aure kike nema?"

Ya riƙa ƙwanƙwasa su a haƙorinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na zabuwar ya tsaya. Mai zabi ba ya kasa gane ƙwansu. Ya dube ta, ya ga tsohuwa ce mai raunin ido, ya dunƙule shi a hannu.

Ya fasa na maƙeri, ya fasa na maƙwabta, har na Fada, limamin cocin, bai bari ba. Duk wanda ya fashe nasa ne, hularsa ta cika. Sai Milunka ta ɗaga murya.

"Jama'a, wannan kazar, ƙarfe take ci? A duba mana."

Maƙeri Dragutin ya murɗe wa Radisav hannu ya karɓe ƙwan, ya buga a dutsen rijiya, sai a karo na biyu ya tsage. Ya ɗaga ɓawon kowa ya ga kaurinsa.

"Na zabuwa ne! Tsohon banza, a ƙofar coci?"

"Ita ta ba ni!" in ji Radisav.

"Ni?" Milunka ta dafe ƙirji. "Ina na ga zabuwa? Wa ke da su a garin nan?"

Kowa ya sani. Fada ya sa shi ya bi mutane yana mayar musu da fasassun ƙwansu, ya kuma ce kada a sake ganin hannunsa a karon ƙwai. Mata na tofar da yawu in ya wuce.

Milunka ta tsaya har ya gama, ba ta ko ƙifta ido ba. Sannan ta ɓare ƙwai ɗaya, ta barbaɗa gishiri, ta ci a gabansa.