Katin Mai Gadin Rijiya

"Ba cewa na yi ku gaggauta aikin ba," in ji Lorna Bisek, waya manne a kunnenta. "Cewa na yi ku dawo mini da shi yadda yake. Kada ku duba shi, kada ku ba shi maki. Ku mayar da shi cikin ambulan kawai."

Yarinyar da ta ɗauki wayar a kamfanin tantance katuna tana da murya mai daɗi, irin ta wanda aka koya wa ba da haƙuri aka kuma hana shi yin komai. Ta ce katin ya riga ya shiga layi, kuma abin da ya shiga layi ba a zaro shi. Saura mako shida, wataƙila bakwai.

"Mai katin ba shi da mako shida."

"Ayya, wallahi na tausaya miki. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi yau?"

Lorna ta kife wayar a kan teburin kicin ɗin maƙwabcinta Orrin Tuomi, tsakanin kwalaben magani da tukwanen dankali da nama da matan coci suke ta kawowa ba mai ci. Kira na huɗu ke nan a wannan makon.

Shekara talatin da ɗaya gidajensu suna jere a kan tudun garin Duluth, sama da babban tafki, kuma kusan kowace Lahadi da rana sai sun baje katunan wasan Ƙofofi Tara a wannan teburin. Ita tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce, shi kuma walda ya yi a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ce ya gaji. Matarsa Signe tana cikin waɗanda suka zana katunan farko na wasan, nata guda uku kacal, da burushi da fenti, a ɗakin wanki. A lokacin akan ba mai zane 'yan kwafi masu farin baya. Ɗaya ne ya rage wa Orrin, Mai Gadin Rijiya, wani dattijo yana jan igiya. Hannayen dattijon na Orrin ne, har da ƙaramin yatsan da ƙarfe ya lanƙwasa masa. A farin bayan Signe ta yi ɗan rubutu da biro. Tun da ta rasu shekara tara da suka wuce, katin a aljihun rigarsa yake kwana yake tashi, ba leda ba komai.

Abin da Lorna ta kasa jurewa ke nan. Ita mace ce da ke wanke hannu kafin ta taɓa kati, kowane nata leda biyu yake sanye da su. Ganin kusurwoyin katin Signe suna laushi kamar tsohon tsumma yana sa mata ciwon kai. Tun kaka take yi masa mita ya bari a aika shi wurin masu tantancewa, su ba shi maki, su manne shi cikin gidan roba mai tauri inda ko gumi ba zai ƙara taɓa shi ba. A watan Disamba ya gaji da bakinta ya miƙa mata. Ita ta cike takardar, ita ta kai gidan waya, tana jin ta yi abin kirki. A watan Fabrairu likita ya ga abin da ya gani a hantar Orrin.

Ta shiga falo. An ture kujeru an kafa gadon asibiti ta fuskar taga, duk da cewa ciwon suga ya daɗe da cinye yawancin ganinsa. 'Yarsa Kaisa, wadda ta taso tun daga garin Tacoma mai nisa, tana zaune tana shafa masa mai a ƙafa.

"Me suka ce, direba?" in ji Orrin.

"Sun ce yana hanya."

"Ke dai ba ki taɓa iya ƙarya ba. Da, fuskarki ke tona ki a wasa. Yanzu da ba na ganin fuskar, murya ta karɓi aikin."

Lorna ta matso kusa da gadon. Ta buɗe jaka ta fito da katuna biyu da ta biya shago ta sayo, don ta rasa abin da za ta shigo da shi. Duk Mai Gadin Rijiya ne, amma bugun baya, da aka ba wasu masu zanen.

"Faɗa mini abin da ke jiki," in ji shi.

"Wannan na tsakiya ne, lokacin da suka koma zane da kwamfuta. Saurayi ne, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji. Sulke yake sanye da shi, yana ƙyalli."

"Sulke, a bakin rijiya? To, Allah ya sa kada ya faɗa. Ina igiyar?"

"Babu igiya. Takobi ya riƙe."

"Ɗayan fa?"

"Na bara ne. Yarinya ce mai gashi shuɗi, idanunta sun cinye rabin fuska. Rijiyar a sama take shawagi. Idan ka karkata katin sai launuka su yi ta gudu."

"Baba, ni fa yana burge ni," in ji Kaisa. "Jikarka ma irinsa take tarawa."

"Ai ban ce ba kyau ba. Yaran yanzu sun fi mu iya zane, nesa ba kusa ba. Uwarki ko ƙafa ba ta iya ba, shi ya sa duk mutanenta a cikin ciyawa suke tsaye." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Kaisa ta ɗaga masa kai har ya lafa. "Launin zanenta kamar laka, fuskar dattijon a karkace. Amma kana kallo ka san wata ce ta zauna da ciwon wuya ta yi shi. Kwana uku ta sa ni riƙe igiyar shanya a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe."

Yana magana hannunsa na dama yana lalube a ƙirjin rigar barcinsa, inda babu aljihu. Bai san yana yi ba. Lorna ta gani, ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta.

Ba ta bar komai a wuta ba. Ta koma gidanta, ta haye ɗakinta ta sauko da akwatin katunan bugun farko. Tana da nata Mai Gadin Rijiya, zanen Signe, na kasuwa mai bugaggen baya, wanda rabonsa da shan iska tun Kaisa tana firamare. Ta zare shi daga leda ta farko, ta zare shi daga ta biyu. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta goga kusurwarsa a gefen tebur.

Kusurwar farko ce ta yi mata wuya. Daga nan ta murza sauran ukun a wandonta, ta lanƙwasa shi a hankali gaba da baya, ta dumama shi a tafin hannu, ta shafa masa ɗigon kofi. Da ta ɗauki biro don ta yi rubutun baya, sai ta tsaya cak. Ba ta san abin da Signe ta rubuta ba. Ranar da take cike takarda ta juya katin, ta auna tsagewar gefe, ta ƙirga kusurwoyi, ta rubuta "akwai rubutu a baya" a layin lahani. Kalmomin kuwa ko karanta su ba ta yi ba. Ta danna biron ta ja layi biyu na kame-kame, ta bar shi haka.

Washegari da hantsi ta shiga da murmushin da ta yi ta gwadawa a madubi.

"Tashi, tsoho. Ga baƙonka ya iso."

Kaisa ta ɗago da sauri, ta dubi bayan katin, ta dubi Lorna, ta sunkuyar da kai. Orrin ya miƙo hannu. Ya shafa fuskar katin da babban yatsa, ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, ya juya shi. Yatsan ya hau layin biron ya sauka, ya sake hawa. Jirgin ruwa ya yi kuka can ƙasa a tafki.

"Signe bahaguwa ce," in ji shi. "Rubutunta baya yake kwantawa."

Ya sake bin kusurwoyin katin da yatsa.

"Naki ne na bugun farko, ko? Haba, direba. Shekara talatin ko numfashi ba ki bari an yi a kansa ba."

"Ni na matsa maka, Orrin. Da na rufe bakina da yana hannunka yanzu."

"Ni na miƙa. Na ɗauka akwai lokaci." Ya mayar da numfashi. "Ko sun turo shi gobe ma, a cikin roba zai zo, ko ba haka ba?"

Wannan kam bai taɓa faɗo mata a rai ba. Ta ce haka ne.

"To, kin gani." Ya ɗora katin a ƙirjinsa ya dafe da tafin hannu, yadda mutum ke karɓar kyautar da ba ita yake so ba don kada mai bayarwa ya ji kunya. "Zauna. Kin tsaya mini a kai kamar mai jiran fasinja."

Ta zauna. Ya yi barci, ita kuma ta yi ta kallon hannun yana hawa yana sauka.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe goma na safe tana kicin ɗinsa, ta sake kiran kamfanin. Wannan karon ta ce a haɗa ta da babba, aka ce ta ɗan jira, aka sa mata kiɗa. Minti ashirin tana tsaye tana jin kiɗan nan. Da ta waiwaya sai ta ga Kaisa a bakin ƙofa, hannayenta a sake, nan take ta gane Orrin ya cika. Lorna ta shiga falo da wayar a hannu, kiɗan yana fita ƙasa-ƙasa. Katin jabun ya zame daga ƙirjinsa ya maƙale a ninkin bargo.

Aka yi jana'iza ranar Litinin, aka sha kofi a ƙasan coci. Kaisa ta kwashe abin da za ta iya, ta ba da sauran, ta koma bakin aikinta. A filin jirgi ta rungume Lorna ta ce, "Anti, idan ya zo ki riƙe. Ni ba zan iya kallonsa ba."

Ya zo a ƙarshen Afrilu, da sunan Lorna a jikin kwalin, tunda ita ta aika. Gidan roba ne garau, an manne shi ta ko'ina. A sama an liƙa 'yar takarda mai nuna maki biyu cikin goma. Ta juya shi. Rubutun yana nan da shuɗin biro, a kwance ta baya. "Ka sayo madara. Kada ka sake mantawa."

Ta ɗauke shi ta shiga gareji, ta ɗaure shi a bakin teburin aiki, ta kama kusurwar robar da filaya. Sai da ta sa ƙarfinta duka kafin ta fashe, wani ɓallin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin mota. Ta zaro katin a hankali.

Ƙofar garejin a buɗe take. Ƙanƙarar kan rufi tana narkewa, tana ɗiga a kan siminti. A farfajiyar gidan Orrin wata mata mai jan kwat tana ƙoƙarin kafa allon sayar da gidan, ƙasar kuma ba ta gama sakin sanyi ba, sai bugawa take yi yana karkacewa. Lorna ta zauna a kan kifaffen bokiti tana kallonta, katin yana tsakanin yatsunta biyu, ta riƙe shi ta gefe-gefe.