Kasuwar Ƙafafu

A zamaninmu, duk shekara masu kulob na Meziko kan taru a wani otal a bakin teku, su hau bene su yi cinikin 'yan ƙwallo, 'yan ƙwallon na ƙasa suna jira kamar shanu a kara. Ni ne lauyan ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa, don haka aka yi min alfarmar tsayuwa cikinsu.

Wata shekara da mai tsaron raga Eusebio Tapia na je. Kwantiraginsa ya ƙare, doka ta ce ya tafi inda ya ga dama. Sai dai masu kulob sun yi wa juna alkawarin baka cewa ba mai ɗaukar ɗan wasan wani sai da izininsa. Mutane ne masu cika alkawari, in dai ba mu aka yi wa ba.

Tsohon maigidansa a kulob, wanda ake kira Don Hilario, ya sauko yana sakace.

"Chebo, ɗana!" ya ce wa Eusebio, da laƙabin da yake kiransa. "Kulob uku na son ka. Amma na ji kai ke zuga min 'yan wasa su zaɓi wakili."

"Haƙƙinsu ne, ranka ya daɗe," na ce.

"Lauya, da kai nake? Ka taɓa tare ƙwallo?" Ya juya wa Eusebio. "Fita daga ƙungiyar lauyan nan, yau ka samu raga."

Eusebio ya dube ni. Matarsa na da tsohon ciki, ni kuwa doka kawai ce a bakina.

"Riƙe min jaka, Lauya," ya ce, ya bi shi sama.

Na riƙe. Iyakar wakilcin da na yi masa ke nan.