Hasumiyar Gora a Ƙarƙashin Tagar Baba Usur

"Ku ja! Kai Tulu, ja na ce, ba jingina ba!"

Tsinke ne ke ihu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, ƙyallen wuyansa na sikawut ya juya baya. Yaran rukuninsa suka dage da jan igiya, hasumiyar gora ta fara ɗagowa daga ƙasa a hankali, tana kuka kamar tsohon gado. Layin ya cika maƙil. Mai gyaran keke ya yar da sifana ya fito, mata suna leƙe ta kan katanga, ƙananan yara kuwa sai an kore su an sake kore su.

"Saura kaɗan! A zura ƙafar dama a rami!"

Hasumiyar ta yi tangaɗi, ta karkata wajen shagon kafinta, wanda dama shi ya ara musu gorar. Kafinta ya dafe kai. Sai kuma ta dawo ta zauna daram a ramukanta, kanta daidai da tagar benen da ke kallon gidan su Tsinke. Aka kwashe da shewa.

Duk wannan hidima saboda mutumin da ke bayan tagar ne. Baba Usur tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma shi ke riƙe da ƙungiyar sikawut ta unguwar tun mahaifin Tsinke yana sa gajeren wando. Kowane yaro yana da katinsa, an jera masa abin da zai koya: ƙulle-ƙulle, agajin gaggawa, karanta taswira, hura wuta da ɗanyen itace. Wanda ya ci jarrabawar layi ɗaya na katin, Baba ya sa kwanan wata ya rattaba hannu, sannan ya kwafe a babbar rajista. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: abin da idonsa bai gani ba, alƙalaminsa ba ya taɓa shi. Ko ɗan cikinsa ne.

Layi ɗaya ya rage wa rukunin su Tsinke su kai matakin ƙoli: su gina hasumiya da gora da igiya kawai, ba ƙusa, kowa kuma ya hau ta. Ofishin ƙungiya zai rufe karɓar katuna a ƙarshen mako. Ga shi ciwon zuciya ya kwantar da Baba, ko matakala ba ya iya sauka, 'yarsa kuma, wadda duk layin ke kira Anti Nas, ta kafa doka: ba taro a ɗakin mara lafiya. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Tulu, aminin Tsinke. Bana shekarunsa za su wuce na ƙungiya, kuma a baya ya faɗi wannan layin har sau biyu, don da ya ɗaga ƙafa daga ƙasa sai jiri ya kwashe shi.

Tsinke ne ya tare Anti Nas a ƙofar gida tana dawowa daga asibiti.

"Anti, ba za mu shigo ba. Ko matakala ɗaya ba za mu taka ba."

"To ta ina zai gan ku? A mafarki?"

"Ta taga, Anti."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce za ta tambaya. Da ta faɗa wa mahaifinta, aka ce dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce a goge masa tabarau.

Yanzu ga tagar ta buɗe. An jingina Baba da matasai a kan kujera, an yafa masa bargo, ga ƙyallen ƙungiya ya sa an ɗaura masa a kan rigar barci. Ya ɗaga usur ɗinsa ya kai baki, ya hura, sai iska kawai ta fito. Ya miƙa wa 'yarsa.

"Ni, Baba? Da girmana?"

"Hura mana, ke ce mataimakiya yau."

Anti Nas ta hura da ƙarfin da ya sa tantabarun rufin kafinta suka watse. Yaran suka jeru suka ƙame, ƙirji a gaba.

Baba ya leƙo, ya bi hasumiyar da kallo daga ƙasa zuwa sama, ba gaggawa, kamar mai duba adireshi a kan wasiƙa.

"Wa ya ɗaure giciyen hagu, na biyu daga ƙasa?"

Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, sai da Anti Nas ta maimaita.

"Ni ne, Baba."

"Shugaban rukuni da kansa! Kaza za ka ɗaure da wannan ko mutum zai taka? Zagaye nawa na koya maka kafin matsewa?"

Mai gyaran keke ya fashe da dariya. "Kwance yake, amma idon nan bai kwanta ba!"

Tsinke bai tsaya jin kunya ba. Ya sa yara biyu suka tallafe gorar, ya warware ɗaurin, ya sake naɗawa, yana ja har igiyar ta ci masa tafin hannu. Ya matse, ya ƙulle, ya doka da ƙafa. Ko gezau.

"Yanzu ka yi magana," in ji Baba. "A hau."

Nan fa wasa ya yi daɗi. Ɗaya bayan ɗaya suke hawa, kowa da katinsa a baki, ya kai dandamalin sama, ya sara, ya miƙa ta taga. Anti Nas ta ɗora katin a kan faranti a cinyar Baba, ya sa hannu, ta mayar. Duk wanda ya sauko sai layi ya ɗauki tafi, ƙannensa su rufe shi suna son ganin tawadar. Wata tsohuwa da jikanta ya sauko har rangaɗa guɗa ta yi, ta manta da tukunyarta a kan wuta.

Saura Tulu da Tsinke.

"Mu je, ina bayanka," in ji Tsinke.

Tulu ya goge hannu a wando. Ya taka na farko, ya taka na biyu, gora tana ƙara ƙarƙashin nauyinsa. Yara suna rera sunansa. Da ya kai tsakiya sai ya yi kuskuren duban ƙasa. Shi ke nan, ya rungume gorar da hannu biyu, ya runtse ido.

"Tsinke, ba zan iya ba. Wallahi ƙasa juyawa take yi."

"Za ka iya! Taka ɗaya kawai!"

"Ku yi shiru," in ji Anti Nas daga sama. "Baba zai yi magana."

Baba ya dafa bakin tagar, ya matso da fuskarsa.

"Tulu. Ka yar da wani abu ne a ƙasa?"

"A'a, Baba."

"To me kake nema a can? Buɗe ido ka dube ni. Ni ne dai, ban ƙara kyau ba."

Tulu ya buɗe ido ɗaya.

"Yauwa. Alƙalamin nan ya yi mini nauyi, ɗana, ba zan daɗe ina riƙe da shi ba. Ɗaurin da ke saman kanka wa ya yi shi?"

"Ni ne."

"Na gani. Ya fi na shugabanku. In ba ka yarda da ƙafarka ba, yarda da ɗaurinka. Kama shi."

Hannun Tulu ya saki gorar, ya yi lalube a sama, ya kama. Ƙafa ta bi. Tsinke yana ƙasa da shi yana jin zufarsa na ɗiga masa a goshi, bai ko share ba. Da gwiwar Tulu ta sauka a kan dandamali, ihun da layin ya yi sai da aka ji shi a bakin titi. Kafinta ya rungume mai gyaran keke, alhali rabonsu da gaisawar kirki tun rigimar da suka yi a kan kwata. Tulu ya sara, ya zaro katin daga baki, duk ya jiƙe da yawu, ga sawun haƙora.

"Wannan kati ne ko ragowar abinci?" in ji Baba, amma ya sa hannu, ya ƙara jan layi a ƙarƙashi.

Da Tsinke ya hau, shi ne karon farko da ya ga Baba a kusa tun kwanciyarsa. Ya ga tukunyar iskar numfashi a gefen gado, kwalaben magani a kan tebur, agogon hannu da ya zame har kusa da gwiwar hannu. Sa hannun da ya sani mai kaifi kamar yankan reza yanzu rawa yake yi.

"Me kake kallo? Karɓi." Baba ya sa Anti Nas ta miƙo masa rajistar da gwangwanin da katunan ƙananan 'yan ƙungiya suke ciki. "Ka kwafe na yau da kyakkyawan rubutu, ka tattara katunanku ka kai ofis da kanka. Ƙananan nan kuma ka riƙa duba su kafin a turo wani a madadina. Ɗan gidan mai wanki ya iya ƙulli uku, kunya ce ke hana shi nunawa. Ka zaunar da shi gefe."

"To, Baba."

"Ku kwance komai, ku mayar wa kafinta gorarsa a ƙirge, ku cike ramuka. Kada akuyar wani ta karye a ce sikawut ne."

Ran da Tsinke ya je ofis, layin masu kai katuna ya kai har waje. Magatakardar ta duba nasu ɗaya bayan ɗaya, ta buga hatimi, ta zuba masa bajojin matakin ƙoli a ambulan, korra masu bakin zinariya. Bai jira mota ba. Da gudu ya taho, ambulan a cikin riga, yana tsara yadda zai tsaya a tsakiyar layi ya ɗaga su sama.

Da ya shawo kwana sai ya ga an fito da bencina ƙofar gidan Baba, maza zaune a kai. Mai gyaran keke ya taso ya riƙe masa kafaɗa.

"Sai haƙuri, ɗana. Da hantsi Allah ya karɓi abinsa."

Anti Nas ta sauko, idanunta jawur. Ta ga ambulan ɗin da ya zaro bai ma san ya zaro ba.

"Sun karɓa?"

"Duka, Anti. Har na Tulu."

"Ya tambaye ni ko ka tafi. Na ce tun da safe na ga fitarka. Ya ce to madalla, a gyara masa matashi." Ta buɗe ambulan ɗin, ta taɓa ɗaya da yatsa, ta mayar masa. "Ku sa su. Kada ku ajiye a akwati."

Bayan an share makoki, wata ranar da yamma, Umman Tsinke ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ɗauko kwandon ɗinkinta. Tulu ya yi sallama ya shigo da rigarsa a kafaɗa, ya ce gidansu babu koren zare. Ta karɓa, ta ɗora a kan ta Tsinke. Suka zauna a gabanta su biyu da singileti, gwiwa a haɗe.

Ta aza bajon a hannun rigar Tulu, ta ɗago kai.

"Nan ya yi?"

Tsinke ya miƙa hannu ya matsar da shi sama kaɗan, faɗin yatsa ɗaya. Umma ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar wajen haske, ta zura.