Tabon da Na Goge

Sana'ata gyaran tsofaffin hotuna ce, kuma da hannu nake yi, da ɗan siririn burushi da auduga da ruwan magani a kwalba. Masu aiki da kwamfuta a ƙasan benenmu kallon 'yan koyo nake yi musu. Duk wanda ya yi kuskuren zama a shagona sai ya sha lacca a kan yadda tarihin gida yake kwance a jikin takardar hoto, da yadda sai mai hannu irin nawa ne zai tashe shi. Surutu kam Allah ya ba ni.

Ran Talata Goggo, yayar babana, ta hawo benen tana haki, da hoto ƙunshe a hankici. Hoton mahaifiyarsu ne, kakata da ban taɓa gani ba, kuma shi kaɗai ya rage. Tana tsaye a kicin gaban tukunya, ludayi a hannu, tana hararar mai ɗaukar hoton. Danshi ya ci gefensa, ya bar ɗigo-ɗigo a bango da jikin rigarta. Goggo ta ce idonta ya fara rauni, tana so ta ƙara ganin tsohuwar tar kafin ya ƙarasa tafiya. Na ce ta bar komai a hannuna. Ko tambaya ɗaya ban yi mata ba.

Kwana biyu ina kansa. A wuyan hannun da ke riƙe da ludayin akwai wani baƙin tabo, na ɗauka shi ma aikin danshi ne. Ya fi sauran taurin kai, ni kuma na fi shi. Na sa magani, na goge, na cike wurin da launin fata ya yi sumul. Har sauka na yi na nuna wa masu kwamfuta.

Da Goggo ta dawo ta kai hoton bakin taga, ta daɗe tana kallo.

"Ina ƙunar?" ta ce.

A tsaye ta ba ni labarin. Tana 'yar shekara huɗu ta jawo kaskon mai daga kan wuta, uwar ta sa hannu ta tare. Man da zai zubo wa Goggo a fuska shi ne ya sauka a wuyan hannun nan. Goggo ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye hoton a kan tebur ta sauka a hankali, tana dafa bango.

Tun daga nan zama ya gagare ni. In buɗe taga, in rufe. Na haɗa shayi har ya huce ban kurɓa ba. Na zazzage kwandon shara ina juya audugar da na yi aiki da ita, sai ka ce zan tsinci tabon a ciki. Ban ɗauki kwafi kafin in fara ba, don a cewata kwafi na waɗanda ba su yarda da hannunsu ba ne. Na zana tabon a takarda ya fi sau ashirin, kowanne da kamarsa. Kwana biyu ina fuskantarsa, amma datti na ɗauke shi, ban tsaya na ga siffarsa ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na kwashi burushi da hoton na nufi gidanta. Na same ta a kicin tana yanka albasa.

"Goggo, zan mayar da tabon. Ki faɗa mini yadda yake kawai. Dogo ne ko zagaye?"

Ta ajiye wuƙar. Ta ɗora yatsa a wuyan hannunta ta fara zanawa, ta tsaya. Ta sake farowa daga ɗaya gefen, ta kuma tsayawa. Yatsan ya daɗe a wurin.

"Shekara hamsin kullum sai na duba shi," ta ce. "Ban taɓa zaton sai na haddace ba."