Kek Ɗin Da Ya Narke a Cinyata

Ranar da sakamakon jarrabawar Auta ya fito, Mama ta tare ni a gindin matakala tun da safe, ina riƙe da kwanon hatsi.

"Yau kar ka saki tattabarun nan," ta ce. "Shanya zan yi a sama. Ka san halinsu da fararen kaya."

Na ce to. Mama ce kaɗai a gidanmu ba ta taɓa kiran tattabaruna ƙazanta ba. Tun da na bar makaranta na gwada gareji, na gwada shagon gyaran waya, na gwada bin motar kaya, ba inda na daɗe. Akurkin da na haɗa da hannuna a saman bene ne kawai ban taɓa gajiya da shi ba. Yaya kuwa, babban wanmu, wurin yake so ya kafa tankin ruwa, Baba kuma yana goyon bayansa. Ranar da rigimar ta yi zafi, Mama ta dafa kaina a gabansu ta ce, "Ba mai taɓa masa tsuntsaye. Ni na faɗa." Tun daga nan nake barci da minshari.

Na zuba musu hatsi, na canja ruwa, na ja ƙofar na sa sakata. Gagare ne kawai ya sulale ta ƙarƙashin hannuna ya yi sama. Baƙin namiji ne mai farin wuya, matarsa tana kwance kan ƙwai. Auta ce ta raɗa masa sunan, wai halinmu ɗaya.

Da rana Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Kowa ya shirya, shan askirim za mu je. Auta ta fitar da mu kunya. Kai ma ƙafar yawo, nemo riga mai maɓalli."

"Yaya ne zai saya? Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ƙanƙarar za ka je sha, ɗan rainin wayo. Wuce mu tafi."

Baba ya ce sanyi yana taɓa masa haƙori, mu dai taho masa da rabonsa.

Shagon duk gilashi ne, sanyi kamar cikin firji. Yarinyar da ke sayarwa ta danna hannun injin, askirim mai laushi ya murɗo cikin mazubin biskit, hawa kan hawa, har ya yi tsini kamar hula. Mama ta karɓi nata da hannu biyu tana dariya, wai rabonta da irin wannan tun tana amarya. Ya ɗiga mata a haɓa, na goge mata da hannun rigata. Na shanye nawa, Yaya ya ce a ƙaro min. Na shanye na biyu, ya ce a ƙaro mai cakulan.

"Yaya, lafiya kuwa? Ko asibiti sun ce ka kusa tafiya ne?"

"Sha ka yi shiru," ya ce, idonsa kan wayarsa.

Auta ce ba ta sha ba. Ita ce gwanar ranar, amma ta zuba wa nata ido har ya fara gangarowa kan yatsunta. Na ce ko lissafin ne bai gama fita daga kanta ba. Ba ta yi dariya ba.

Da za mu tafi, Yaya ya sayi kek na askirim, babba, mai fure-fure ja a gefe, a yanka a gida tare da Baba. Mai shagon ta ɗaure kwalin da zare ta miƙo min.

"Kai tsaye gida, ku sa a firiza," ta ce. "Wannan ba ya jiran kowa a zafin nan."

Na zauna a baya da kwalin kan cinyata. Yaya mutum ne da ke tuƙi kamar an biyo shi, amma ranar har mai keke ya wuce mu. Ya tsaya shan mai, alhali na ga tankinsa ya kusa cika. Ya fita ya zagaya motar yana taka tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo ya duba waya, ya ce bari mu bi ta sabuwar gada Mama ta gani.

"Yaya, kek ɗin fa yana narkewa."

"Ba komai."

Gindin kwalin ya jiƙe. Farin ruwa mai danƙo ya fara tsattsafowa ta kusurwa, ya bi wandona, ya ɗiga kan kujera. Na ɗaga shi na nuna wa Mama.

"Mama, ki yi masa magana. Asara za a yi."

Ta juyo ta dubi kwalin, ta dubi wandona, ta mayar da fuskarta ga taga. "A bi ta gadar," ta ce.

Nan gabana ya faɗi. Matar da in ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ta sa ka tsince ta, matar da ke wanke leda ta shanya, ita ce ke kallon kek guda yana tsiyaya ko a jikinta. Sai kuma na tuna ban ga ko bokitin wanki ɗaya a gidan ba yau.

Na dubi Auta. Hawaye ya riga ya sauko mata har wuya.

"Sun ce in na faɗa maka..." Ba ta ƙarasa ba.

Motar na rage gudu a mahaɗar hanya na buɗe ƙofa na dire. Ina jin Yaya yana ƙwala min kira. Na yanka ta lunguna da gudu, sai da na kai ƙofar gida na lura kwalin yana hannuna har yanzu.

Na haye bene. An share wurin tas, har an kwara ruwa. Inda akurkin yake, masu aikin famfo biyu suna daidaita ƙafafun ƙarfe na tanki. Katakaina suna jingine a bango, ƙusoshi a waje. A bakin magudanar ruwa na ga ɓawon ƙwai biyu a fashe.

Baba yana tsaye yana nuna musu inda bututu zai bi.

"Wani mai sayar da kaji ya zo ya kwashe su," ya ce, bai ko dube ni ba. "Bai sha wahala ba, duk suna ciki."

Duk suna ciki. Ni na sa sakatar da hannuna.

Ina nan tsaye har motar ta iso. Mama ta hawo tana haki, tana dafa gwiwa.

"Ɗan nan, ka saurare ni. Yayanka ya samo maka gurbi a wurin aikinsu. Muddin tsuntsayen nan suna nan ba za ka zauna ko'ina ba. Don kai na yi."

"Da kin ce min in sayar da su da kaina, Mama, da na yi kuka na sayar."

"Da ba ka yarda ba."

"Da kin gwada ni."

Ta miƙo hannu za ta dafa kaina, na kauce. Ta karɓi kwalin ta sauka da shi, wai ko za a ceci wani abu.

Rana ta yi sanyi, masu famfo suka tattara kayansu. Ina zaune kan katakon sai ga Gagare ya dawo. Ya zagaya gidan, ya sake zagayawa, ya rasa inda zai sauka. Daga ƙarshe ya dira kan ƙarfen tankin, yana leƙa nan yana leƙa can, yana gurnanin da yake yi in zai karɓi matarsa kwanci. Na yi masa fito a hankali. Ya daɗe yana kallona kafin ya sauko kan hannuna.

Na sa shi cikin rigata na sauka. A kicin na tarar da kwalin kek ɗin a kwandon shara. Na ɗauka na goge cikinsa da tsumma, na hudduda murfin da wuƙa don ya sha iska, na sa Gagare a ciki na ɗaure da zaren shagon.

Suna falo dukkansu. An juye abin da ya rage na kek ɗin a kofuna, kowa da cokali. Mama ta taso da kofi ɗaya a hannu.

"Ga naka. Na sa a firiza ya ɗan kama jikinsa."

"Ba wa Baba," na ce. "Ai ya yi aiki yau."

"Ina za ka da kwali kuma?" in ji Yaya.

Na wuce shi na nufi ƙofa. Wani abokina mai facin taya yana da rumfa a bayan shagonsa, can na fara nufa. Auta ta biyo ni har ƙofar gida ba takalmi, ta cusa min kwanon hatsin a hammata, ta koma da gudu.