Shuɗin Ɗigo a Farin Takalmi

A wata jami'a a Guangzhou nake koyon duba ƙwayoyin jikin mutum a madubin likita, don gano ciwon daji da wuri. Hukumar tantance kwasa-kwasai ta gida ba ta ma san da kwas ɗin ba, amma 'yan kasuwar Kano da ke nan tuni suka naɗa ni Likita, ni kuma ban taɓa musantawa ba.

Da gasar Olamfik ta matso, aka tsananta biza. Dole Alhaji Shitu mai safarar takalma ya koma gida, ya bar mini duba kayansa a wani shago da ke kasuwar takalma ta Zhanxi Lu.

"Likita, idonka ya fi nawa," in ji shi.

Na yarda, don ni ma haka nake gani.

A ajinmu ƙa'ida ce ka bi gilashin gwaji layi-layi, duk inda ka yi shakka ka ɗiga shuɗiyar tawada, babban likita ya zo ya tabbatar. Haka na yi wa fararen takalman Alhaji. Inda zare ya leƙo na ɗiga, inda gam ya fito na ɗiga. Mai shagon yana ta ɗaga hannu, na daka masa tsawa da sunan da ake kiran mai shago a yarensu: "Laoban, bar ni da aikina."

Tawadar nan kuwa an yi ta ne don kada ta goge.

Da kaya suka isa Kano, Alhaji ya kira ni, murya a sanyaye.

"Likita, sannu da ƙoƙari. Amma takalman nan lafiyarsu ƙalau kafin ka duba su."