Ruwa a Ƙarƙashin Gidan Balarabe

Shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka a Pemba, rijiyoyin ƙauyenmu uku duk suka koma taɓo. Muna gindin mangwaro ana shawarar inda za a haƙa sabuwa, sai Bi Mwache, tsohuwar da ta girmi kowa, ta ce a je a ɗaga daɓen tsakar gidan Balarabe.

Gidan tun zamanin bayi yake tsaye cikin gonar kanumfari, bene ne na dutsen teku da farar ƙasa, kaurin bangonsa kamu biyu. Jemagu ne kaɗai ke kwana ciki, mu shanya muke yi a farfajiyarsa.

Shaame magini ya yi dariya. "Bibi, ko rana ce ta taɓa miki kai?"

"Ɗauko ƙarfenka, mai bakin tsiya. Kakata a kanta ta yi dakon duwatsun gidan nan, har ta rasu gashi bai sake tsirowa a tsakar kanta ba. Ita ta nuna mini wurin."

Mu shida muka taru kafin falalen dutsen ya motsa. Wani sanyi ya buso mana a fuska, ga matakala ta yi ƙasa. Shaame ya kunna fitila ya sauka. Shiru, shiru, har muka fara ƙwala masa kira.

"Ku sauko," in ji shi can ƙasa. "Amma ku tuɓe takalma."

Ɗaki ne da ya fi masallacinmu faɗi. Ginshiƙai takwas, kowane ya tanƙwaro ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, ruwa kuwa garau har iya ƙirji. Ko tari ka yi sai ya zagaya ya dawo maka. Shaame ya bi bango yana shafawa, ya gano ramukan da ke sauko da ruwan rufi ta cikin ginin.

"Ba siminti, ba rodi," in ji shi. "Shekara talatin ina gini, ashe wasa nake yi."

A kujera muka sauko da Bi Mwache. Ta kamfata da hannu ta sha, ta daɗe tana kallon sama.

Wata biyu ƙauyen na sha daga nan. Ranar da hadari ya fara haɗuwa, Shaame ya hau rufin da tsintsiya, ya yini yana share bakin ramukan.